Kukar da na zana ta ƙi nuna juriya

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu zane. Wani Alhaji a Agege ya sa na zana masa kuka ita kaɗai a fili, don tunawa da juriyar mahaifinsa. Amma duk Bahaushen da ya gani sai ya ce gidan iskoki ne. Na ƙara hasken hantsi, na sa mata ganye, na ja turba zuwa gindinta, sai kwarjininta ya tafi. Ga laimar Legas, fentin mai ba ya bushewa da wuri, kowane gyara sai na jira. Alhaji kuma ba ya son mutum ko dabba a ciki. Me zan canza ta nuna ƙarfi, ba kaɗaici ba?