Harafi ɗaya, sauti uku: ta yaya zan karanta க a rubutun Tamil?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata biyar ke nan ina karatu a Chennai, birnin masu yaren Tamil a kudancin Indiya, kuma na dage sai na iya karanta allunan motocin haya da kaina. Na haddace wasula 12 da baƙaƙe 18, na gane ɗigon da suke kira pulli, mai aiki kamar sukun a ajami. Har wasalin ொ, wanda ke kewaye baƙi gaba da baya, ya daina ruɗa ni.

Inda na cije shi ne harafin க. A farkon கல், wato dutse, ina jin "k". A தங்கம், zinariya, ya koma "g". A மகன், ɗa namiji, wasu suna furta shi kusan "h". Haka ப ke zama "p" ko "b". Da na rubuta sunan garinmu, Gombe, abokin ɗakina ya karanta "Kombe", abin ya dame ni ƙwarai.

Akwai ƙa'ida tsayayya da zan riƙe, ko sai kunne ya saba? Sannan yaya ake rubuta baƙon suna mai farawa da "g" har a karanta shi daidai? Don Allah wanda ya sani ya taimaka mini.