Kalmar "caji" ta taɓa rikita ku kuwa?

Maman Ilham:
Jama'a jiya yarinyata ta dawo daga makaranta da aikin gida, wai ta kawo ma'anar charge guda uku, na ce ai cajin waya ne, sai na tsaya cak. Kowa ya faɗo inda kalmar nan ta taɓa haɗuwa da shi don Allah.

Ɗan Kurmi:
Hhh Hajiya ni a hanyar Kaduna ta same ni. An tare motarmu a shinge, direba ya waiwayo ya ce kowa ya sauko za a yi caji, wani tsoho kusa da ni ya zaro ƴar Nokia ɗinsa yana murna wai dama ta mutu tun Zariya. Ashe jakunkuna za a caje, har buhun garinsa sai da aka kwance.

Malam Na-Ƙofa:
Asalinta fa ɗora kaya ne. Daga tsohon Faransanci Turawan Ingila suka aro ta, tushenta kuma kalmar Latin ce ta amalanke, inda car da cargo ma suka fito. To batir an loda masa wuta, mai saye an ɗora masa kuɗi, wanda ake tuhuma an ɗora masa laifi, shi ya sa muke cewa caji ofis. Na binciken jaka ne dai nake zargin daga search muka lanƙwaso shi.

Ummu Sadik:
Malam kenan, ka caza mana kai da sassafe. Ni dai ranar da na kai Sadik asibitin unguwarmu da zazzaɓi nas ta ce in jira incaji, wlh na ɗauka kuɗin kati take nufi, na fara kwance bakin zani ina lissafin abin da ya rage min, sai ga wata mata ta shigo kowa na gaishe ta, ashe ita ce shugabar wurin. Kunya kamar in nutse.

Ɗan Kurmi:
Baku faɗi mai ciwon ba, cajin banki. Kuɗi ya kai dubu 10 a zare naira 50, ga na mai POS a gefe.

Maman Ilham:
Uku aka ce mata, yanzu ga biyar, bari ta tashi daga barci ta zaɓa da kanta.