A USB-C, da volt 5 ake fara komai

A wata tattaunawa kan USB-C, bakin da ake jona caja da na'urori, tambayar da aka yi ita ce: na'urar da ke bukatar volt 20 za ta samu tun daga jona wayar caja? Amsar kowa ɗaya: a'a. Caja tana fara ba da volt 5 ne, kuma ko wannan ba za ta sake shi ba sai ta ga resista (abin da ke rage gudun wuta) mai ohm 5,100 a layin CC, layin da caja da na'ura ke magana ta kansa. Daga nan ta lissafo abin da take da shi, kamar volt 9, 15 ko 20, na'ura ta zaɓa, caja ta amince, ta ɗaga wutar, sannan ta aiko da saƙon PS_RDY, wato wutar da aka nema ta shirya.

Saboda haka guntun lantarki (chip) da ke wannan ciniki da caja a cikin na'ura dole ya iya tashi da volt 5 kaɗai, ko da batir ya mutu murus. Sauran da'irar a tsare ta bayan makunnin MOSFET (ƙaramin makunnin lantarki) har sai saƙon ya iso. An ja kunne sosai kan CC1 da CC2, layukan CC biyu da ke bakin USB-C: kowanne da resistarsa. Raspberry Pi 4 na farko, wata ƙaramar kwamfuta, a 2019, ya haɗa su kan guda ɗaya, wasu wayoyin caja suka ƙi ba shi wuta.

Kapasita (mai adana wuta na ɗan lokaci) a bakin VBUS, layin da wuta ke shigowa ta kansa, kada ta wuce mikrofarad 10 lokacin jonawa. Wani ya ƙara da abin da nake ganin an fi mantawa: in cinikin ya wargaje, caja tana yanke wuta ta dawo volt 5, don haka da'irar ta jure hakan. Neman amfiya 5 kuwa sai da wayar caja mai guntun shaida a ciki, wanda ke sanar da caja irin wutar da wayar za ta iya ɗauka.