Rigar Misa da zafin Maraɗi: wane yadi, kuma mita nawa?

Maman Rahila ta rubuta:

Salama gare ku, masu sana'a. Ƙungiyar mata ta cocinmu ta haɗa kuɗi za a ɗinka wa Fada, firist ɗinmu, sababbin rigunan Misa, wato babbar rigar sama da ake kira shazubul, tare da etol ɗinta, dogon siririn ƙyallen da yake ratayawa a wuya. Waɗanda ake da su masu shafi ne, an yi su don ƙasar sanyi, in Afrilu ya kama sai gumi ya jiƙa su har baya. Wasu sun ce a sayi shadda, wasu sun ce tergal, wato yadin roba. Wanne ya fi? Mita nawa riga ɗaya ke ci? Kuma in kuɗin bai kai na duka launukan ba, da wanne za mu fara?

Baba Katikis ya amsa:

Maman Rahila, sannunku da ƙoƙari. Zancen launi ba ya buƙatar gardama. Kore shi ne na yawancin Lahadin shekara, shi ya fi shan wanki, da shi za ku fara. Sai fari na Nowel, wato Kirsimeti, da Faska, idin tashin Yesu daga matattu. Shunayya na makonnin jiran Nowel da kwana 40 na azumi, kuma ana sa shi a jana'iza. Ja ba ya fita sai jefi-jefi: Lahadin ganyen dabino, Babbar Juma'a, Fentikos, da ranakun shahidai. Ruwan hoda sau 2 kacal ake sa shi a shekara, kuma ba dole ba ne, kada ku kashe masa ko dala. Ku kai wa Fada ƙyallen samfuri ya gani kafin a biya, don shunayya da ta karkata zuwa shuɗi ba ita ba ce.

Tela Mai Alli ya amsa:

Iya, ni ina bayan shadda ta auduga zalla, amma da sharaɗi. Shadda na zuwa da sitaci da bugu, shi ne ƙyallin da ke ruɗar mutane a kanti. Rigar Misa ba babbar riga ba ce da ake so ta tsaya ƙyam. So ake ta zubo daga kafaɗa, in ya ɗaga hannu ta bi shi. Saboda haka a jiƙa yadin cikin ruwan sanyi ya kwana, a ɗauraye, a shanya a inuwa, a goge da ɗan danshinsa, sannan a sa almakashi. Auduga na tsukewa a wankin farko. Wanda ya yanka kafin ya wanke, ranar da aka wanke rigar zai ga jikin ya shige, adon tsakiya bai shige ba, sai gaban ya tattare kamar bakin jaka. Wannan ba ya gyaruwa da guga.

Tun a kasuwa a gwada zuba: a jiƙa farin ƙyalle a goga a gefen yadin. Ja da shunayya su ne masu cin amana, kuma farar doguwar rigar ciki za su ɓata, daidai wuya da hammata. A buɗe yadin a haske a duba zanen saƙar ma, don akwai shaddar da aka saƙa mata sunan kamfani ko wata da tauraro a jiki, ba a lura sai an kai gaban bagade.

Awo kuwa, ga matsakaicin mutum: faɗi daga hannu zuwa hannu santimita 150, tsawon baya 125, gaba 118 don kada ya taka in zai durƙusa. In faɗin yadin ya kai 150, mita 3 da rabi sun isa riga da etol, har da rarar tsukewa. In bai wuce 130 ba, kada a yi ƙari a gefe, yana fitowa ɓaro-ɓaro. A haɗa tsawo biyu, ɗinkin ya bi tsakiya inda ado zai rufe shi. Nan lissafin ya koma kamar mita 5 da rabi. Shadda mai zanen da ke kallon sama, a yanka gaba daban baya daban a haɗa a kafaɗa, in ba haka ba zanen baya zai zo a kife.

Wuya: a auna kan Fada, a ƙara santimita 6 zuwa 8, musamman in yana sa tabarau. Kafin a taɓa komai a bi da'irar wuyan da ɗinki ɗaya don kada ta buɗe, sannan a yi mata ɗan shafi mai faɗin santimita 6. Iyakar shafin da rigar ke buƙata ke nan.

Abin da telolin gaggawa ke tsallakewa shi ne rataya. Bakin rigar zagaye ne, gefunan a karkace suke bisa zaren yadin, kuma karkataccen yanka yana saki. A rataye ta kwana 2, a sa wa mutum mai tsawon Fada, a daidaita bakin da alli, sannan a kalmasa siriri, kamar rabin santimita sau biyu. In aka kalmasa rana ɗaya da yanka, bayan wata guda gefe ɗaya zai fi ɗaya tsawo.

Ƴar Zariya ta amsa:

Malam Tela ya yi bayani, amma ban yarda da shi duka ba. Tergal mara nauyi wanda aka gauraya da auduga ba abin rainawa ba ne ga koriyar riga: ba ya zuba, ba ya yamutsewa, kuma ƙauyukan da Fada ke zuwa da riga a naɗe cikin jaka bisa babur, babu mai jiran a hura gawayin dutsen guga. Aibinsa biyu ne, yana riƙe zafi in roba ta yi yawa, kuma tartsatsin gawayin turare na huda shi nan take. Shaddar a bar wa fari da ja na manyan idi.

Kan ado: kada a yi surfani kai tsaye a jikin rigar. A yanka wani ƙyalle daban mai faɗin santimita 13 zuwa 15, a manna masa gam a baya, a yi aikin gicciye ko zangarniyar alkama da inabi a kansa, a wanke shi shi ma, sannan a ɗora. A fara kafa shi da ɗinkin hannu, kuma gefe biyun duka a ɗinka daga sama zuwa ƙasa; in aka hau ta nan aka sauko ta can, sai ya murɗe. Allura lamba 14 ta isa. Farin saƙi na gargajiya ma yana yin kyau a nan, in an jiƙa shi tukuna.

Etol ta Fada kowane ɓari santimita 135, faɗi 11. Kada a yi ta miƙaƙƙiya guda ɗaya, za ta tashi a ƙeya. A haɗa ɓarin biyu a kusurwa, a sa ƙaramin gicciye a mahaɗar, a tsaga farin ƙyalle a kafa a wuyan da ɗinkin hannu yadda za a riƙa cire shi ana wankewa. Ta dikon, wato mai taimaka wa Fada a bagade, daban ce, daga kafaɗar hagu take saukowa ta haɗu a kwiɓin dama.

Baba Katikis ya ƙara:

In canji ya rage, ku tuna da ƙyallayen bagade. Na share ƙoƙon Misa lallai ya zama lilin ko auduga zalla, don tergal ba ya shan ruwa, shafa shi kawai yake yi. Na shimfiɗawa ƙarƙashin ƙoƙon kuwa murabba'i ne, kamar santimita 50, ana ninka shi gida 9, kuma kada a yi masa ado mai tudu a tsakiya, ƙoƙon zai riƙa rawa a kai.