Na ba da kafin alƙalami a kan wata Corolla, yanzu jikina ya yi sanyi. Ya ake ciniki da dillalan mota?

Malamin Lissafi

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, kuma a yi haƙuri da tsawon zancen, in raina ya ɓaci ban iya taƙaitawa ba.

Ni malamin makaranta ne, a Sheka nake zaune a nan Kano, wurin aikina kuma can wajen Rijiyar Zaki. Shekara shida ke nan ina kan babur. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, duk ranar da za mu fita da maiɗakina da yara uku sai na yi shatar adaidaita sahu, kuɗin har ciwon kai yake sa ni. Na haɗa adashi, da bashin ƙungiyarmu ta malamai, da kuɗin wani ɗan fili da na sayar, suka tashi naira miliyan 7.5. Iyakarta ke nan, ko sisi babu a bayanta.

Ranar Asabar da ta wuce bayan azahar na shiga wani filin sayar da motoci a titin Zariya. Ban gama kafe babur ba samari uku suka kewaye ni, "Alhaji, wacce ake so?" Ni da ko Umara ban taɓa zuwa ba. Na ce Corolla. Suka kai ni gaban wata ruwan toka, an wanke ta fes, tayoyin an shafe su da mai suna ƙyalli, ciki sai ƙamshin turare. Suka ce 2007 ce, tokumbo, wato wadda aka yi amfani da ita a ƙasar waje, kwananta tara da zuwa daga Legas, wai wata tsohuwa ce ta hau ta a Amurka, daga gida sai kanti. Na zauna a mazaunin direba, na riƙe sitiyari, gaskiya a nan aka gama da ni. Har da cewa na yi "Kai, ta yi kyau!" da ƙarfi.

Na ce nawa? Babban cikinsu ya ce in taya. Na ce a'a, su faɗa. Ya ce miliyan 9. Na taya 6.5, ya yi dariya ya ce albarka. Muna cikin haka sai ga wani mutum cikin farar shadda, yana kaɗa mukullai, ya zagaya motar sau ɗaya, ya buɗe but ya rufe, ya taya 7.2 a gabana, ya ce zai dawo da kuɗi bayan la'asar. Yana tafiya dillalin ya ja ni gefe ya yi ƙasa da murya, ya ce shi ni yake so in samu, don ya ga ni mutumin kirki ne, in na cika 7.4 zai roƙi mai ita. Ya koma bayan wata Sienna ya yi waya, ban ji muryar kowa ba. Ya dawo ya kama hannuna ya ce an sallama, Allah ya sa alheri. Na tura masa dubu 200 kafin alƙalami ta asusun da ke da sunansa, ba rasit, ba shaida sai yaransa, a kan zan cika ranar Laraba.

Da dare na kasa barci. Takardun kwastan hoto kawai na gani a wayarsa. Ban je da bakanike ba. Gwajin da na yi bai wuce zagaye ɗaya a cikin filin ba. Jiya kuma ya kira ni wai kada in manta la'ada waje ce, dubu 250. To a ina zan samo? Ko kuɗin lamba da inshora ban ware ba.

Tambayata: an yi min wayo ne ko haka cinikin yake? Kuma in na fasa, dubu 200 ɗina sun tafi ke nan?

Tsohon Dillali

Wa alaikumus salam Malam. Na yi shekara goma sha ɗaya a wannan sana'ar kafin gwiwa ta zaunar da ni a shago, don haka bari in faɗa maka yadda abin yake daga ciki, ko da abokaina za su ji haushi.

Motar da ka gani a fili sau da yawa ba ta mai filin ba ce, balle wanda ya tare ka. Akwai mai ita, wanda ya shigo da ita ko ya kawo a sayar masa. Akwai mai fili. Akwai dillalin da aka damƙa wa mukulli. Sannan akwai 'yan kayi-na-yi, su ne masu tarar mutum tun daga bakin ƙofa. Mai ita ya faɗi kuɗinsa, a ce miliyan 6.8, duk abin da aka ɗora a sama rabawa za a yi. Shi ya sa samari uku suka raka ka, kowa yana kafa shaidar cewa da shi aka yi. Wayar da aka yi a bayan Sienna tana iya zama ta gaske, tana iya zama da iska aka yi magana.

Amma kada ka ɗauka duk ɓarayi ne. Dillali yakan yi sati uku a rana bai sayar da ko taya ba, yana da iyali. Mai mota kuma da dala ya sayo, dutin kwastan ma da farashin dala ake lissafa shi, in ya sayar da araha ba zai iya mayar da irinta ba. Neman riba halal ne. Abin da ba halal ba shi ne a sa wani ya taya ba da niyyar saye ba don a zuga ka, malamai suna kiransa najashi, kuma Annabi (SAW) ya hana. Ban ce mai shaddar nan haka yake ba, ban gan shi ba. Amma mai sayen mota da gaske ba ya zagaya ta sau ɗaya ya taya miliyan bakwai ko boneti bai ɗaga ba.

Kurakuranka uku ne, kuma na farkon ya fi tsada: ka yaba. Mu da mun ga mutum ya riƙe sitiyari yana murmushi mun san ciniki ya faɗa, saura a ga zurfin aljihu. Na biyu, daga 6.5 ka yi tsalle zuwa 7.4, dubu 900 a numfashi ɗaya. Ƙari da kaɗan-kaɗan ake yinsa, dubu 50, dubu 100, kuma kowane ƙari sai shi ma ya sauko. In ya ce albarka, ka ce Allah ya kawo kasuwa, ka bar masa lambarka ka hau babur ɗinka. Wallahi in akwai riba a tayinka kafin ka kai Gadar Lado wayarka za ta yi ƙara. Na uku, ba a tayi sai an tambaya: la'ada ciki ko waje? In waje ce, nawa? A yanke ta a gaban mutane.

Kuma ranar farko ba ranar saye ba ce. Ka zaga fili huɗu ko biyar, titin Zariya, titin Maiduguri, duk inda ka ga an jera, ka tambayi mota iri ɗaya, ka ji bakin kowa. A nan za ka san kuɗinta na gaskiya.

Batun dubu 200, a al'adar kasuwa in kai ka fasa haka kawai, da wuya su dawo cif. In kuwa an samu aibin da aka ɓoye maka, ko motar ba yadda aka siffanta ta take ba, kana da bakin magana. Kowane fili yana da shugaba. Kada ka yi rigima da yaro, shugaban za ka nema, ka je da dattijo ɗaya.

Bakanike Daga Ƙofar Ruwa

Malam kafin Laraba ka koma, amma da sassafe, ƙarfe bakwai, kafin su tayar da ita. Inji mai ɗumi yana ɓoye ƙara da hayaƙi. Ka taɓa boneti da hannunka, in da zafi ka ce gobe ka dawo.

Abu na farko da za ka duba ba ya buƙatar bakanike ma. Lambar shasi tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, harafi da lamba 17 ne. Ka ƙirga zuwa na goma. A motocin Amurka shi ne shekarar mota: in 7 ne 2007 ce, in 4 ne 2004 ce. Corolla daga 2003 zuwa 2008 jikinsu ɗaya ne, injinsu ɗaya, 1.8, sai 'yan canje-canje da aka yi daga 2005. Ana sauya bamba da fitilun baya a ƙara wa mota shekaru, mu muke ɗaura su, na sani. Ka buɗe ƙofar direba, akwai takarda manne a jikin ginshiƙi da wata da shekarar da aka ƙera ta, lambar da ke wurin ta zo ɗaya da ta gilashi. Sannan ka rubuta lambar a Google, sau da yawa hoton motar a wurin gwanjon Amurka yana fitowa, ka ga da wace fuska ta baro can.

Ka murɗa mukulli ba tare da ka tayar ba. Wutar cek, mai nuna matsalar inji, da ta iyabag, wato balan-balan ɗin kariya lokacin haɗari, dole su kama, in ta tashi su mutu. In tun farko ba su kama ba, an cire ƙwan ne. Ka ɗaga kafet ka sansana, ka leƙa ƙarfen ƙasan kujera, tsatsa ko busasshen laka alamar ta sha ruwa ne, irin wannan kuwa wayarinta ba ya ƙarewa da ciwo. A leƙa salansa a ga ko indomi, wato matatar hayaƙin da ke cikinta, tana nan, don ana farke ta a sayar. Mitar da ke nuna nisan tafiyar da motar ta yi kuma kada ka yarda da ita, ana juya ta. Ka dubi robar birki da sitiyari, su ba sa ƙarya.

Gwaji a cikin fili wasa ne. Ku hau Eastern Bypass ka taka ta sosai da AC a kunne, ka ji yadda giya take shiga, ka sa ido a kan allurar zafi.

Maman Ilham

Duk abin da Oga bakanike ya faɗa haka ne, amma Malam ka yi hankali da su ma, a gafarce ni Oga. Lokacin da zan sayi Vibe ɗita na je da bakaniken unguwarmu, ashe tun muna gaisawa an ƙyafta masa ido an sa masa nasa a ciki. Komai ya duba sai ya ce lafiya lau Hajiya. Wata biyu giya ta zauna. A ta biyu sai na biya wani kuɗin aikinsa tun daga gida, na ce ko na saya ko ban saya ba wannan nasa ne, in ya samo aibi kuma zan ƙara masa. Aibi bakwai ya lissafo, da su na rage dubu 400.

Takardun kwastan kuma kada ka karɓi hoto. Tun farkon 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, amma ba a fasa biyowa da su ta daji ba, a haɗa musu takardu. Ka karɓi na asali, lambar shasin da ke ciki ta dace da ta motar, ka je ofishin kwastan da ke Bompai a tantance maka kafin ka cika kuɗi. In ba haka ba kana iya shekara kana yawo a cikin gari lafiya, ranar da ka ɗauki hanyar Kaduna a sauke ka da iyalinka a bakin titi. Ranar biya kuma a rubuta yarjejeniya da sunan mai motar, da lambar shasi da ta inji, da shaidu, kuɗin ya shiga asusun mai sunan da ke takardar.

Bakanike Daga Ƙofar Ruwa

Hajiya ba ki yi ƙarya ba, ana yi. Ni ma an sha miƙo min.

Malamin Lissafi

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ga yadda aka ƙare.

Yau Talata na je ƙarfe bakwai da kwata tare da kawuna, tsohon direban tirela ne, ba ya son wargi. Maigadi kawai muka tarar. Na duƙa a gilashi ina ƙirgawa da yatsa kamar ɗan aji ɗaya, na goma 4 ne. Na sake ƙirgawa sau uku, ni da nake koyar da lissafi. Takardar jikin ƙofa an kankare ta. Da dillalin ya zo ya tayar da ita, sai da ta yi wata ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani kafin ta daidaita, kawu ya dube ni kawai bai ce komai ba.

Dillalin ya fara rantsuwa shi ma haka aka faɗa masa. Kawu ya ce ba da kai za mu yi ba, ina shugabanku? Dattijo ne mai furfura, ya saurare mu a kan benci, ya je da kansa ya duba lambar, ya dawo ya yi wa yaron faɗa a gabanmu. Ya ce ko in ɗauke ta a 6.3 la'ada ciki, ko a mayar min da kuɗina. Ka ji fa, motar da aka ce ko 7.2 ba za a bayar ba. Na so in karɓa, kawu ya taka min ƙafa. An dawo min da dubu 150 nan take, saura dubu 50 wai yaron ya riga ya raba wa abokansa, sai Juma'a. Shugaban ya ce in zo wurinsa in karɓa, na rubuta a takarda ya sa hannu.

Muna fitowa zan tayar da babur, sai na hango mutumin nan mai farar shadda, yau riga da wando ya sa, yana zaune a inuwar wata Hiace da samarin nan suna cin gurasa a faranti ɗaya. Muka haɗa ido, ya ɗaga min hannu ya ce, "Alhaji, bismillah."

Ranar Asabar za mu zaga titin Maiduguri ni da kawu. Oga bakanike, in da hali ka turo min lambarka ta akwatin saƙo, kuma ka faɗa min kuɗin aikinka tun yanzu. Sannan tsakanin Corolla 2005 da Vibe, wacce ta fi sauƙin kayan gyara a wurinku?