Moto na yoyon baƙin mai: wane silikon kuke sa wa juwan?

Ɗan kabu-kabu, Zariya: Salamu alaikum ƴan uwa. Kasea tawa ce duk inda ta kwana sai in tarar da ɗigon baƙin mai a ƙasa, ta gefen murfin ambiriyaj. Na je kasuwa, mai kanti ya jera mini silikon, wato gam ɗin toshe yoyo, ja da baƙi da ruwan toka, ya ce in zaɓa. Wane ne na kirki?

Bakanike, Sabon Gari: Wa'alaikumus salam ƙanena. Wanga wuri juwan takarda ke akwai, wato takardar da ake sawa tsakanin murfi da jikin inji don hana yoyo, sayi sabo. Kankare tsohon tas, amma ba da sukundireba ba, alminiyo ne, in ka ƙwarzane shi ka sayi yoyon dindindin. Wanke da isansi, bari ya bushe. Ni giris kaɗan nake shafa wa juwan don gobe in an buɗe kada ya yage. Ruwan tokan, irin su ThreeBond, na tsakiyar karte ne, wato gangar jikin inji, inda ƙarfe ke haɗuwa da ƙarfe babu juwan.

Mai Haojue, Ali Ɗan Sofo: Ni jan nan ya ja mini asara bara. Wani yaro a garaji ya lafta shi kamar mai yaɓen ɗaki, har na ji daɗi, na ce aiki ya yi kyau. Ashe yadda ya tsattsafo ta waje haka ya tsattsafo ta ciki. Bayan sati uku, kan hanyar Madarunfa, inji ya fara ƙara kamar ana kaɗa gwangwani. Da aka kwance, guntayen silikon sun toshe rariyar mai, wani ya shige ƴar hanyar da ke kai mai sama wajen supap, wato ƴan ƙofofin shigar iska da fitar hayaƙi. Saman injin ya ci kansa a bushe. Turo ta na yi har bakin kwalta da azumi a bakina, wallahi ban manta ranar ba.

Bakanike, Sabon Gari: Alhaji, ba launin ba ne ya cuce ka, yawan ne. Jan don zafi aka yi shi, baƙin ya fi jure mai. Kowane ne, siriri kamar zare ya isa.

Dattijo, Tibiri: Mu a zamaninmu kwali muke ɗorawa kan karte, mu bi gefe da ƙaramar guduma har ya yanku. Yana kai mutum gida. Kulas dai, wato kan inji, kada wanda ya sa mata komai, juwan nata a bushe ake ɗora shi.

Mai koyon aiki, Bagalam: Gaskiyar Baba. Ni kuma karbirato na shafa wa silikon, isansi ya jiƙa shi ya kumbura, ya toshe jikila, wato ƴar kafar da isansi ke bi. Maigidana ya shinshina bututun silikon ɗin ya ji tsami, ya ce wannan ma na gilashin taga ne.

Ɗan kabu-kabu, Zariya: To ai matsalar, an ce silikon sai ya yi awa 24 kafin ya kama sosai, ni kuma kullum sai na kai wa mai moto balas.

Bakanike, Sabon Gari: Juwan takarda ba ya son jira. Ɗaure bis ɗin a gicciye, kaɗan-kaɗan, ka zuba mai ka tafi. Kawo ta bayan Azahar in duba ko murfin bai lanƙwashe ba.