Takardar hoton zanena ta ƙi kwanciya a cikin firam

Assalamu alaikum. Na sayi kwafin zanen Wassily Kandinsky mai suna Composition VIII, wanda ya zana a 1923, ainihinsa yana gidan tarihi na Guggenheim a New York. An buga shi a kan takardar auduga mai kauri marar asid, da tawadar da ba ta saurin kodewa, kuma kuɗinsa ba kaɗan ba ne.

Duk lokacin hunturu a kwance yake lumui. Damina na kankama sai takardar ta fara tasowa kamar igiyar ruwa, musamman wajen baƙin da'irar nan ta sama daga hagu. Wurare biyu har sun manne da gilashi, suna ƙyalli kamar an ɗiga ruwa.

Na cire shi na danne da manyan littattafai har kwana bakwai, ya miƙe. Bayan mako biyu a firam ya koma gidan jiya. Na maido shi wani bango nesa da banɗaki, duk ɗaya. Sai na yi wautar liƙe gefuna huɗun da salatef, abin ya ƙara lalacewa, tsakiyar ta kumbura, salatef ɗin kuma ya bar tabo rawaya a baya.

Mai haɗa firam ya ce a shafe bayansa da gam a manna a katako. Na ƙi, domin in aka manna ba ya sake ciruwa.

Yaya zan kafa takardar a firam ba tare da gam ba, ta yadda ba za ta taɓa gilashi ba ko da danshi ya yi yawa?